Tsakin Gero a Gidan Ɓeran Ƙanƙara

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya kai ni inda ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba, Ya kuma dawo da ni Greensboro, garin da nake zaune a ƙasar waje, da yatsuna cif, babu wanda sanyi ya cinye.

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. In an sallame Juma'a, kafin in kai inda na ajiye mota sai an tare ni sau uku. Wanda ya fi kowa naci shi ne Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi mai shagon kayan miya. Ko daga nesa ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Malam Iro, wai da gaske mutane suna tafiya Umra, kai ka tafi ziyarar ɓeraye?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a tsaye. Shi ya sa na zauna a barandar gida, gyare yana ta kuka a bishiyoyi, na buɗe ɗan littafin da na riƙa rubutun ajami a ciki a can, ina kwafowa a hankali.

Dalilin tafiyar kuwa, 'yata ce ta fari. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka Ummi muke kiranta. Shekara huɗu ke nan tana neman digirin dakta a wata jami'a a Kanada, kuma abin da take nazari wani ɗan ɓera ne na ƙasar ƙanƙara, Turawa suna ce masa lemin. Ba zan ɓoye ba, kunyar abin nake ji. In aka tambaye ni a masallaci sai in ce, "Fannin lafiyar dabbobi take," in yi maza in kawo wata magana. Ashe ta sani. Wata rana a waya ta ce, "Baba, bana ce fitata ta ƙarshe. In na samo abin da nake nema, na gama. In ban samo ba, sai wata shekarar, in ma an yarda in koma. An ce zan iya zuwa da mutum ɗaya ya taya ni. Ka zo ka gani da idonka, in ya so ka ci gaba da jin kunyar."

Na yi istihara, na ce to.

Hajiya, uwargidana, ta haɗa mini kaya kamar mai tafiya yaƙi: kilishi, daddawa, yaji, da ƙullin tsakin gero. Tsakin ni na ce a sa, kuma ba don kunu kaɗai ba. Zan zo kansa.

Jirgi huɗu muka hau, kowanne ya fi wanda ya gabace shi ƙanƙanta. A filin jirgin da muka fara sauka a Kanada Ummi ta tarye ni, amma kafin in kai gare ta wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya riga ta. Ya zo ya shinshina rigata, ya zauna a gaban jakata yana kallona kamar mun saba. Ina ta janye gefen riga don da ita zan yi azahar. Ma'aikaciyar da ke riƙe da shi ta buɗe jakar cikin ladabi. Kilishi dai ta ce nama ba ya ƙetare iyaka, ta ajiye shi gefe, ni da karen muka bi shi da ido. Da ta kwance daddawa sai ta ja baya, ta tambaye ni ko ta lalace ne. Na ce a'a, yanzu ta yi daidai. Tsakin kuwa ta juya shi, ta ga niƙaƙƙe ne kuma da tambarin shago, ta miƙo mini. Da ta san abin da zai haifar, da shi ta riƙe ta bar mini kilishina.

Daga nan muka yi ta yin arewa. Ta taga na ga bishiyoyi suna gajarta, suna tazara, har suka ƙare. Ƙasa ta zama shimfiɗa guda mai tabkuna barkatai, kowanne yana riƙe da guntun sama a cikinsa. Na yi ta tasbihi har muka sauka a wani ƙaramin gari a bakin teku, gidajensa a kan ƙafafun ƙarfe, don ƙasar ƙarƙashi ba ta narkewa ko da bazara.

A gidan wata mata mai suna Marta muka kwana biyu. 'Yar asalin wurin ce, ta kusa sa'ata, gajera, ba ta da yawan magana. Ita ce za ta raka mu daji da bindiga, saboda ƙatuwar dabbar nan fara da Larabawa ke kira dubbu, yaranmu na nan su ce beya. Gidanta a ƙofa ake cire takalmi, kamar namu. Amma ba a sallama. Mutum sai ya turo ƙofa ya shigo, ya zuba wa kansa shayi, ya zauna, in ya gama ya tashi ya tafi, babu "ina gajiya", babu "a gai da gida". Ranar farko na tambaye ta da Turancina na direban bas ko zan iya shimfiɗa darduma a falo. Ta kalle ni ba ta ce komai ba. Na sake tambaya. Shiru. A karo na uku Ummi ta ja hannuna. "Baba, sau biyu tana ce maka e. Ɗaga gira shi ne e a nan, yatsina hanci shi ne a'a." Na ce ikon Allah, a garinmu yaron da ya amsa wa babba da gira ai ya shirya kuka.

Abincinsu kifi ne da naman daji. Ta shimfiɗa kwali a ƙasa, ta ɗora daskararren kifi ɗanye, tana yanka da wata wuƙa mai kamar jinjirin wata. Na yi bismilla na sa a baki. Ya narke kamar man shanu mai sanyi. Na ɗauko yajin Hajiya na barbaɗa, Marta ta dangwala, hawaye suka zubo mata, ta yatsina hanci, ta kuma sake dangwalawa.

Jirgi mai saukar ungulu ne ya kai mu sansani, matuƙin ya ce sai bayan mako biyu. Mu uku, tanti uku. Da ƙararsa ta ɓace sai na ji wani irin shiru da ban taɓa ji ba, har ina jin jinina yana tafiya a kunne. Rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci. Zagaya mu take yi a hankali, kamar mai ɗawafi. Limaminmu ya ce in bi lokutan gari mafi kusa da ake ganin faɗuwarta, don haka da agogo nake salla. In yi magariba inuwata tana miƙe a gabana, doguwa, tana ruku'u tare da ni. Bayan kwana uku na daina sanin ko a farke nake sosai. Komai ya zama kamar abin da mutum ke gani a gyangyaɗin bayan azahar.

Na tambayi Ummi ina itatuwan da ta ce ɓerayen suna ci. Ta ce, "Kana tsaye a kansu." Na duba. Itace ne sosai, da reshe da ganye, sunansa wilo, amma a kwance yake rarrafe, bai wuce idon sawu ba. Ta ce wani ya girme ni.

Sai ta nuna mini sheƙa: dunƙulen busasshiyar ciyawa kamar gammo, a gindin tudu. Ta ce in hunturu ya zo, dare ya yi wata da watanni, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, ɓerayen nan ba barci suke yi ba. A ƙarƙashin dusar suke haƙa hanyoyi, su yi ɗaki, su ci, har su haihu. Iri biyu ne. Akwai mai ruwan ƙasa, akwai mai ratsi a wuya wanda ke rikiɗa fari da sanyi. Abin da take son sani shi ne: a cikin wannan duhun, da abinci ya yi ƙaranci, kowa nasa yake ci, ko kuwa abu ɗaya suke wawa?

Na ce, "To wa zai faɗa miki, tunda ba ki nan?"

Ta ɗauko hantsaki ta nuna mini tarin ƙananan ƙwayoyi a gefen sheƙar. "Wannan. Na mai ratsi ja-ja ne, na ɗayan kore-kore. In na kai ɗakin gwaje-gwaje, inji zai faɗa mini kowace tsiro da ke ciki."

Kashi dai. Na tuna da mutanen masallaci.

Aikina shi ne ni da Marta mu yi gaba, in na ga sheƙa in kafa 'yar tuta mai lamba, kada in taɓa komai. Washegari Ummi ta biyo da safar hannu, ta tsinci ƙwayoyin ta zuba a 'yar ambulan, ta rubuta lambar. Marta idonta yana can nesa, nawa yana ƙasa. In mun zauna hutawa a kan gansakuka mai taushi, sai in lumshe ido in ga wurin da hunturu: sama baƙi, iska tana gudu a kan farin fili babu kowa, amma a ƙasa gari ne guda, da lunguna da ɗakuna, wata uwa tana gaigayar ɓawon wilo a cikin duhu, 'ya'yanta suna manne da cikinta. Wanda Ya san da ita a can, Shi ne Ya san da ni a bas ɗin makaranta da asuba.

Yanzu ga maganar tsakin. Ina yaro aka yi wata shekarar yunwa a ƙauyenmu. Da rumbu ya ƙare, mahaifiyata ta riƙa ɗaukar fartanya da ƙwarya, ta je ta tone gidan tururuwa, ta kwaso tsabar da suka tara, ta sheƙe ta dama mana. Da shi muka kai kaka. Tun daga nan har ta rasu, kullum da safe sai ta zuba ɗan tsaki a bakin gidan tururuwa. Ba ta taɓa bayani ba, mu ma ba mu tambaya ba. Na gaji wannan daga gare ta. A Greensboro ma ina yi, a gindin akwatin wasiƙa, Hajiya tana faɗa.

To, Ummi ta koya mini cewa in ka ga ƙwayoyi mitsi-mitsi a cikin manya, an yi jego a sheƙar ke nan. Duk inda na ga haka sai zuciyata ta karye. In kafa tuta, in sa hannu a aljihu, in yi bismilla in zuba ɗan tsaki a bakin ƙofar. Ban taɓa komai ba, kamar yadda aka ce. Ban kuma faɗa wa kowa ba, don sadaka ba ta son shela.

Ranar kwana na tara, da hantsi, na ji ta kira ni daga bayan tudu. Muryar ba irin ta kullum ba ce. Na same ta durƙushe, hantsaki a hannu.

"Baba, mene ne wannan?"

"Tsaki ne."

"Na san tsaki ne. Me ya kawo gero nan?"

"Sadaka ce, Ummi. Masu jego ne."

Ta zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. "Baba, babu kowa a gidajen nan! Tun da ƙanƙara ta narke suka tashi. Kufai ne."

"Amma ai ana cinyewa. Na duba."

"Shi ne bala'in. Ka kira su da abinci, sun dawo sun ci, sun yi sabon kashi a kan tsoho. Iskar nan yini ɗaya take busar da shi, ba a bambancewa. Ni na hunturu nake nema, ka cakuɗa mini da na bazara. Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Ta cire safar hannun a hankali. "Ambulan casa'in da huɗu. Ban san wanne ne mai kyau ba, don haka babu mai kyau. Saura kwana biyar jirgi ya zo." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Shekara huɗu kana jin kunyar aikin nan. Yau dai ka huta."

Ta tashi ta nufi tanti. Na tsaya da tutoci a hannu kamar wanda aka kafa shi ma.

Marta ta zo ta miƙo tafin hannu. Na zazzage aljihuna a ciki. Ta ce abinci a ƙasa ɓera yake kira, ɓera ya kira dila, kuma wanda take riƙe wa bindigar nan hancinsa ya fi na kowa. Sai ta tambaye ni dalili. Na ba ta labarin mahaifiyata. Ta daɗe tana kallon tsakin. Ta ce kakarta ma, in kaka ta yi, takan tone rumbun wani ɓeran daji ta ɗebi saiwoyin da ya tara, ba ta kwashewa duka, kuma sai ta ajiye masa guntun busasshen kifi. "Amma ita sai ta ɗauka take bayarwa. Kai me ka ɗauka?"

Na ce, "Kashi."

Ta yi dariya har bindigar tana rawa a kafaɗarta. Ni ban iya ba.

Na yi azahar, na daɗe a zaune. Da na sa hannu a aljihun ƙirji neman carbi, sai na taɓo littafin. Tun ina makarantar allo malaminmu ya saba mana da rubuta abin da yini ya ƙunsa, ban taɓa bari ba. Na buɗe. Ga shi nan, kowace rana, kowace tuta.

Na yi sallama a bakin tantinta har sau biyu kafin ta amsa.

"Ba duka na zuba wa ba. Kuma na rubuta."

"Ka rubuta me?"

"Tuta ta bakwai, gidan mai jego, na ba da sadaka. Tuta ta takwas, babu. Haka har yau."

Ta ɗago. "Ba zan iya ɗaukar maganar baki ba, Baba, ko taka ce. Sai na gani."

"Ga shi."

Tana ƙarama na koya mata ajami a teburin kicin, ta yar da shi tun tana sakandare. Ta karɓi littafin ta juya shi, ta sa yatsa daga dama, tana haɗa baƙi da wasali kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Inda ta kakare in ɗora ta. Duk lambar da aka ce sadaka, ta zare ambulan ɗin ta ajiye gefe. Muna cikin haka ta tsaya a wani layi, ta karanta shi a fili, a hankali: "Yau na hango Ummi durƙushe tana tsinta, sai na ga mahaifiyata a gidan tururuwa."

Ta ce, "Wane gidan tururuwa?"

Ashe ban taɓa gaya mata ba. Mai sunan ce, amma ba ta san da me aka raya ubanta ba. Na ba ta labarin tun daga fartanya har ƙwarya. Da na gama ta ce, "To su tururuwan, me suka ci a shekarar?"

Na ce ban taɓa tambayar kaina ba.

"Ita ce tambayar da nake yi shekara huɗu, Baba."

Ashirin da bakwai muka ware. Sauran ba su isa ba, kuma masu jegon, waɗanda ta fi bukata, duk suna cikin na gefe. Da Marta ta ji, sai ta nuna wani kwari can ƙetaren rafi, ta ce a nan dusa take fi taruwa, ita ce kuma ta ƙarshen narkewa. In ita ce mai ciki, can za ta je. Kwana huɗu muka yi muna tsallaka ruwan da ke sa ƙashi kuka. Na faɗa ciki sau ɗaya har gwiwa, hulata ta bi ruwa, tana can tana yawo a tekun arewa. Ba mu ƙara jiran washegari ba: ina kafa tuta Ummi tana bayana. Kowace safiya Marta sai ta lalube aljihuna kamar ma'aikaciyar iyaka. Idona ya saba har ina hango sheƙa tun daga nesa, in ce, "Ummi, ga mai jego!" ta ce, "Hannu a baya, Baba!"

Ranar ƙarshe muka ƙirga, saura biyu a cika abin da ake so. Ta kira farfesarta da wayar tauraron ɗan'adam, ta faɗa mata komai, ba ta rage laifina ba, ba ta kuma ƙara ba. Na ji dariya tana fitowa daga wayar. Matar ta ce ya isa, amma a ɗauki hoton kowane shafi na littafin a haɗa da takardun aikin, don shi ne shaidar abin da aka ware. Da za mu rabu da Marta na tambaye ta ko ta yafe mini wahalar da na ja mata. Ta ɗaga gira. Ta riƙe yajin, ta mayar mini da tsakin.

Makon jiya Ummi ta kira. Ta ce sakamakon farko ya fito: dukansu biyun wilo suka fi ci, mai ruwan ƙasan yana haɗawa da gansakuka. Na ce to faɗa suke yi ke nan? Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Kwano ɗaya suke ci. Ko kwanon yana isarsu, shi ne abin da zan rubuta a kai." Kafin ta ajiye ta ce in turo mata hoton shafin nan na tururuwa, wannan ba na farfesa ba ne, nata ne.

Shekaranjiya na shiga shagon Alhaji Mamman, mutane cike. Yana ganina ya fara: "Ga alhajin ɓeraye! To tsakani da Allah, Malam Iro, ita yarinyar nan me take karantawa ne? Ka ce mana lafiyar dabbobi."

Na ce, "Ba daidai na faɗa muku ba. Kashin ɓera take tsinta, Alhaji, tana duba abin da suka ci a lokacin yunwa. Ni ne mai kafa mata tuta."

Shagon ya ɗauki dariya. Na bar su suka gama, sannan na ce ya auno mini tsaki, nawa ya kusa ƙarewa.

Allah Ya jiƙan wadda ta tone, Ya yi albarka ga wadda take tsinta, Ya ciyar da duk wani mai rai da ke ƙarƙashin ƙasa ko ƙanƙara, inda idonmu ba ya kaiwa. Amin.